Kiyaye Ƙasar Noma da Halin Zaman Manomi a Wurno da Rabah da Goronyo: Waiwaye a kan Tarihi

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi daga Sakkwato ya bi hanyar Acida ya nufi Wurno da Goronyo zai ga ƙasa iri biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. A hannu ɗaya akwai tudu, watau jigawa mai rairayi da fako mai tsakuwa, inda gero da dawa da wake suke jiran ruwan sama. A ɗaya hannun kuwa akwai fadamar Gulbin Rima, mai laka da danshi, inda ake noman shinkafa da damina, a kuma yi albasa da tafarnuwa da alkama da rani. Rabah ma haka take, sai dai ita a bakin Gulbin Sakkwato take zaune. Ruwan da wannan yanki yake samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba.

Manufar wannan takarda ita ce mu bi sawun yadda mutanen waɗannan garuruwa uku suka riƙa kiyaye ƙarfin ƙasarsu tun daga zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da kuma yadda hakan ya shafi zamansu. In mun ce kiyaye ƙasa, muna nufin kai taki, da barin itatuwa a gona, da yin kunya, da tsare iyaka da gamba, da sarrafa ruwan fadama. In kuma mun ce halin zaman manomi, ba mu nufin wani abu mai wuyar aunawa. Ma'aunin da manomi kansa yake amfani da shi muka ɗauka: shin abin da ke rumbu zai kai iyali wata kaka, ko kuwa sai maigida ya jinginar da gona, ko ya sayar da akuyar matarsa, ko ya tafi cin rani? Ra'ayinmu shi ne, gyaran ƙasa bashi ne da manomi yake bai wa gonarsa, wanda ba ta biya sai bayan shekara biyu ko uku ko goma, kuma ba ya bayar da wannan bashi sai ya tabbata shi ne zai karɓa. Tarihin wannan yanki tarihin samuwar wannan tabbaci ne da gushewarsa.

Zamanin ribaɗi

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 kwarin Rima bai zauna lafiya ba. Gobirawa da abokansu sun ci gaba da kawo hari daga arewa da gabas, saboda haka Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya ɗauki dabarar kafa ribaɗi, watau garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, inda mayaƙa za su zauna da iyalansu su yi tsaro su kuma yi noma. Wurno ita ce mafi shahara a cikinsu. Ya kafa ta wajen ƙarshen shekarun 1820, ya mayar da ita mazauninsa, a can ya rasu, a can kuma kabarinsa yake. Gandi, wadda ke cikin ƙasar Rabah a yau, tana cikin jerin waɗannan garuruwa.

Masana tarihi sun fi duban ribaɗi ta fuskar yaƙi, amma mu ta fuskar gona za mu dube shi. Mutanen da aka tara cikin ganuwa ba su da damar yin nisa, domin wanda ya yi nisa yana iya faɗawa hannun mahara. Ke nan ba za su iya yin irin noman nan na sassabe sabon daji duk bayan 'yan shekaru a bar tsohuwar gona ta huta ba. Dole su noma gonakin da ke kusa da gari shekara da shekara, kuma jigawa ba ta jure haka sai da taki. Bello kuwa ya matsa wa Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, ya kuma ƙarfafa musu kiwon awaki da tumaki da dawaki. Ko ya yi nufin haka ko bai yi ba, ya kawo mai dabba kusa da mai gona, ya kuma kawo juji kusa da jigawa. Daga nan ne karkarar da ake nomawa ba hutu ta yi ƙarfi a kewayen Sakkwato da Wurno.

Shari'a ma ta taimaka. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum yake samun haƙƙi a kan matacciyar ƙasa, kuma a mazhabar Malikiyya babbar hanya ita ce raya ta: haƙa rijiya, ko janye ruwa, ko sassabe, ko dasa itace, ko huɗa. Ma'ana, haƙƙi yana bin wahala. Akwai kuma hurumi, filin da aka keɓe wa jama'a domin kiwo da itace, wanda ba a yarda wani ya shige shi da garma ba.

Sai dai kada mu ƙawata wannan zamani fiye da yadda yake. Da yawa daga cikin hannuwan da suka ɗauki taki suka yi huɗa a manyan gandaye na sarakuna bayi ne, waɗanda ba su da rabo a cikin albarkar ƙasar da suka gyara. Tsaron ma bai wuce inuwar ganuwa da nisa ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya nufo Wurno a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sai da ayarinsu ya ratsa dajin Gundumi yini da kwana ba tsayawa, saboda rashin ruwa da tsoron Gobirawa. Mu riƙe sunan wannan daji, za mu komo gare shi.

Abin da manomi ya sani

Hanyoyin da aka gada daga wancan zamani ba su da yawa, amma kowace tana da dalilinta. Rairayi ba ya riƙe ruwa, ba ya kuma riƙe abincin shuka. Takin dabbobi da toka da sharar gida su ne suke ba shi jiki. Saboda haka daga tsakiyar rani har faɗuwar ruwa, aikin mai himma shi ne jigilar taki a mangala bisa jaki, yana zubawa tsibi-tsibi a gona. Wanda yake da hali kuma yakan yi yarjejeniya da Bafulatani ya sauke garkensa a gonar bayan girbi: shanu su ci kara da harawa, su kwana a wurin, mai gona ya ba da hatsi ko gishiri ko goro. Gonar da ta zama mashekari takan nuna bambanci har shekara biyu ko uku. A cikin gida kuwa, jar akuyar nan ta Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai, galibi ta mata ce. Ashe rabin ƙarfin gonar maigida daga turken matarsa yake fitowa, ko da yake ba a cika faɗin haka ba.

Sai kuma gawo. Wannan itace yana da hali saɓanin na sauran itatuwa: yana zubar da ganye da shigowar damina, ya yi kore da rani. Don haka ba ya yi wa gero inuwa lokacin da yake son rana, ganyen da ya zubar ya zama taki daidai lokacin shuka, dabbobin da suka fake ƙarƙashinsa da rani suna cin 'ya'yansa su bar kashinsu a wurin. Binciken zamani ya tabbatar da abin da manomi ya daɗe da gani, cewa hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau. Amma gawo ba ya girma a shekara ɗaya. Wanda ya ga tsironsa ya kauce masa da fartanya, ya kāre shi daga awaki, don 'ya'yansa yake yi.

Fadama ita ce madogara ta biyu. In tudu ya ƙi saboda fari, sau da yawa shinkafar fadama takan tsira, tun da ruwan gulbi daga nesa yake zuwa. Ambaliyar kowace shekara takan shimfiɗa sabuwar laka, ta cika tafkuna da kifi, ta ɗaga ruwan ƙarƙashin ƙasa yadda da rani mai lambu zai haƙa 'yar rijiya ya ɗebo da jigo ko da ƙwarya. Gidan da yake da gona a tudu da wata a fadama yana da ƙafa biyu. Babban amfaninta ga zancenmu shi ne tana tsayar da magidanci a gida da rani, kuma wanda yake gida da rani shi ne yake kai taki tudu.

A nan ne talauci yake ɗaure kansa. Wanda hatsinsa ya ƙare da wuri dole ya fita neman kuɗi, lokacin fitarsa kuwa shi ne lokacin kai taki. Ya dawo da faɗuwar ruwa ya shuka a gonar da ba ta ci komai ba, ya kuma bar ta ya tafi ƙwadago a gonar wani daidai lokacin noman firi. Da kaka ya sami kaɗan, baɗi ya sāke fita. Polly Hill ta bayyana irin wannan zagaye a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina a littafinta na 1972, kuma ba mu ga abin da ya raba shi da halin ƙauyukan Rima ba. Wannan ya sa ba mu yarda da masu cewa jahilci ne ya hana ƙaramin manomi gyara gonarsa ba. Ya san abin da ya kamata. Jaki ne ba shi da shi, da kuma wata uku na zama a gida.

Zamanin Turawa

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Abu biyu suka kawo masu karo da juna. Na farko, hare-hare sun tsaya, mutane suka fita daga ganuwa suka bazu cikin daji suna sassabe. Na biyu, haraji da jangali da kuɗi ake biyansu, kuma da kaka ake karɓar harajin, lokacin da hatsi yake araha. Wanda ya sayar da damin da ya kamata ya ajiye domin ya biya haraji, shi ne yunwar 1914 ta tarar da rumbunsa wayam. Neman kuɗin haraji ya mayar da cin rani al'ada: ƙidayar da aka yi a kan hanyoyin Lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, wadda Mansell Prothero ya yi nazarinta, ta sami sama da mutum 200,000 suna fita. Kowane ɗayansu hannu ne da gona ta rasa.

A shekarun 1930 wani masanin daji, E. P. Stebbing, ya tayar da hankalin hukuma da cewa Sahara tana gangarowa kudu. Kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa da ya zaga iyaka a 1936 zuwa 1937 bai sami hujjar haka ba, amma tsoron ya riga ya shiga. Aka faɗaɗa gandun daji, aka sa wasu itatuwa cikin doka, aka ba malaman daji na En'e ikon kama wanda ya sare su. Niyyar kiyayewa ce, amma ga abin da manomi ya fahimta: itacen da ya girma a gonarsa ya zama na hukuma, kuma yana iya jawo masa tara. Mai hankali sai ya cire shi tun yana tsiro.

Madatsun ruwa

A lokacin farin 1972 zuwa 1974 gwamnati ta yanke shawarar cewa maganin yunwa shi ne tare ruwa. An kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973. Aka gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, aka gama a 1978. Abin da ya faru da manoman wurin a Afrilun 1980, lokacin da suka tashi neman diyyar gonakinsu 'yan sanda suka buɗe musu wuta, sananne ne, ba sai mun maimaita ba. Wanda ba a cika ambata ba shi ne abin da ya sami na ƙasa da madatsar, kuma Rabah tana cikinsu. Binciken William Adams, wanda aka buga a 1985, ya nuna cewa ambaliya ta ragu a kwarin, filin shinkafa ya tsuke aka koma shuka gero da dawa a inda dā ruwa yake kwanciya, noman rani ya ja baya, kamun kifi ya faɗi. Watau an yanke wa gidaje da yawa ƙafarsu ta biyu, ba kuwa wanda ya lissafa wannan hasara cikin kuɗin aikin.

Madatsar Goronyo a kan Rima an gama ta a 1984, aka buɗe ta a 1992. An gina ta ta riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, domin shan Sakkwato da Birnin Kebbi da kuma noman rani. Ba za mu musa alherinta ba. Ruwan da ake saki da rani, tare da rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa da shirin Fadama ya yaɗa daga farkon shekarun 1990, ya sa albasa da tafarnuwar Wurno da Goronyo suka zama abin da ake lodawa a manyan motoci zuwa kudu. Samari da yawa da dā za su tafi cin rani sun zauna, an yi rufin kwano, an yi aure da kuɗin albasa. Wannan shi ne mafi bayyanar shaida a kan cewa in aka ba manomi abin yi a gida da rani, zamansa yakan canja.

Amma ruwan ya bar hannun gulbi, wanda manomi ya san halinsa, ya koma hannun mai riƙe da makullin ƙofa, wanda bai san ranar da zai buɗe ba. A Satumban 2010 ruwa ya yi wa madatsar yawa, ya kwararo ya cinye ƙauyuka da gonaki a Goronyo da Wurno da ƙasa da su, har ya karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shekara takwas bayan haka, a 2018, hukumar da kanta ta ba da sanarwa cewa ruwan tafkin ya sauka zuwa kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da yake ɗauka, ta kuma ɗora laifin a kan ƙarancin ruwan sama da cikewar tafkin da yashi. Madatsar Lugu, wadda tsohon shirin noman rani na Wurno ya dogara da ita, ita ma ambaliya ta karya ta, ta yi shekaru ba a gyara ba.

Batun yashin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Rima haɗuwar Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi ce. Yashin da ya cike tafkin Goronyo ƙasar gonakin Katsina ce da Zamfara da Maraɗi da tudun Goronyo kanta, wadda ruwa ya kwashe daga inda aka sare itace aka share kara aka bar fili tsirara. An kashe maƙudan kuɗi a kan bango, ba a kashe kwatankwacinsa a kan tudun da yake aiko da ruwan ba. Mai lambun albasa a Goronyo yana shan sakamakon gawon da wani ya sare a wata ƙasa da bai taɓa zuwa ba.

Takin zamani ma haka ya zo. Tun daga shirin ciyar da ƙasa na 1976 aka riƙa sayar da shi da rangwame, har wasu suka ɗauka ya maye gurbin mangala. A jigawar da ba ta da takin gargajiya kuwa, ruwa biyu masu ƙarfi sun isa su wanke shi. Da rangwamen ya ja baya, farashi ya hau, aka kuma cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin tayar da injin ban ruwa ya ninka, wanda bai yar da turkensa ba shi ne ya fi sauƙin numfashi.

Maraɗi, da komawa Gundumi

A saman wannan gulbi namu akwai misalin da ya dace mu duba. A yankin Maraɗi, daga 1983, Tony Rinaudo da abokan aikinsa suka fara jan hankalin manoma su daina cire tohon da yake fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi reshe biyu ko uku su gyara su bar su su tashi. Mutanen wurin suka sa wa abin suna sassabin zamani. Ba a kawo iri ba, ba a kafa gandun renon itace ba. Abin da ya sa ya kama shi ne hukumar Nijar ta sassauta riƙon da take yi wa itatuwan gona, manomi ya tabbata in ya rena nasa ne, ya sare reshe ya sayar ba mai kama shi. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar da kimanin hekta miliyan 5. Ƙasarsu ba ta fi tamu ruwa ba, harshensu namu ne, gawonsu namu ne. Tabbaci ne ya bambanta.

A namu ɓangaren, shirye-shiryen gwamnati ba su ƙare ba: akwai na Babbar Ganuwar Itatuwa, akwai wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 domin farfaɗo da ƙasar jihohin Arewa. Amma sun tarar da matsalar da ta fi zaizayar ƙasa. Burtali da hurumi sun daɗe suna shigewa cikin gonaki, noman rani ya rufe wa shanu mashaya da makiyayar fadama, karan da dā ake barin garke ya ci yanzu tarawa ake yi a sayar. Yarjejeniyar taki, wadda ta haɗa Bahaushe da Bafulatani tun zamanin Bello, ta raunana tun kafin bindiga ta shigo. Sannan bindigar ta shigo. A Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da ƙauyukan kewayenta a gundumar Gandi, mutane suka kwararo cikin garin Gandi gudun hijira. A Oktoban 2021 aka kai hari kasuwar Goronyo aka kashe sama da mutum 40. Dajin Gundumi, wanda ayarin Barth ya ratsa da gudu a 1853, ya sāke zama wurin da matafiyi yake tsoro.

Sakamakon wannan a gona ba ya bukatar dogon bincike. Wanda aka kora daga ƙauyensa ba ya kai taki. Wanda aka sace wa shanu da jaki ba shi da abin kaiwa, ba shi da abin ɗauka. Wanda ya sayar da gonar fadama ya fanshi ɗansa ya rasa ƙafarsa ta biyu. Wanda yake zaune a sansani ba sana'a, gatari yake ɗauka ya shiga gonar da ba mai tsaronta, domin itacen girki shi ne abin da yake sayuwa yau-yau. Mutane sun sāke matsowa kusa da manyan garuruwa suna noma 'yan gonakin da ke gefe shekara da shekara, kamar zamanin ribaɗi, sai dai a wancan karo garken yana cikin ganuwa tare da su, a wannan karo kuwa an kora shi daji.